Ɗan Dodo: jirgin lilon katakon da aka rushe a Ohio, laifin itace ne ko na magina?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Wani abu ya tsaya mini a rai tun ranar Asabar, na ce bari in kawo shi nan tunda muna da kafintoci da injiniyoyi. Na kai yara Kings Island, wurin wasannin nan da ke garin Mason, arewa da Cincinnati a jihar Ohio. Muna cikin layin hawa wani jirgi mai suna Banshee sai Ilham ta ja hannuna, ta nuna mini wata 'yar hasumiya da wuta ke ci a kanta, ga alamar wani abu wai shi Son of Beast, wato Ɗan Dodo, a jiki. Ta ce, Baba wa ya mutu? Na rasa amsa. Wani dattijon Bature da ke bayanmu ne ya ce mana ai wani jirgi ne da ya taɓa zama a daidai inda muke tsaye. Ya ɗaga hannu ya nuna can sama, inda babu komai sai sarari, ya ce nan ƙololuwarsa take.

Da na dawo gida na kasa barci sai da na bi labarin. An buɗe shi a shekarar 2000. Na katako ne, tsayinsa mita 66, gudunsa ya kai kilomita 126 a awa, tsawon dogonsa ya haura kilomita 2, kuma a tsakiyarsa akwai wani zobe mai tsayin mita 36 da yake kifa mutum kai ƙasa ƙafa sama. A zamaninsa babu jirgin katakon da ya kai shi tsayi ko gudu a duniya, kuma shi kaɗai ne na katako mai irin wannan zoben. An kashe masa kimanin dala miliyan 20. Bai cika shekara goma yana aiki ba aka rufe shi, a 2012 aka rushe. To masana, ina matsalar take? Katakon ne ya gaza ko masu aikin?

Ɗan Auta:
Wa alaikumus salam. Yaya, a yi mini haƙuri, kafin a yi nisa. Wannan jirgin lilon irin wanda muke hawa ranar Sallah ne, mai juyawa?

Baban Ilham:
A'a ƙanena. Ka ɗauka ƙaramin jirgin ƙasa ne mai taragu biyar ko shida, babu rufi, babu inji a cikinsa. Sarƙa ce ke jan sa ya hau wani dogon tudu, da ya kai ƙarshe sai a sake shi. Daga nan nauyinsa ne kawai ke tafiyar da shi, ya gangara, ya hau, ya murɗa, har ya dawo inda ya tashi. Na rasa sunan da ya fi dacewa ne na ce jirgin lilo. In wani na da wanda ya fi, bismillah.

Mai Unguwa:
Sunan ya yi, mun gane. A ci gaba. Kawu na Cincinnati, na ga kuna kan layi, ku da kuka daɗe a can ba ku ce komai ba.

Kawu na Cincinnati:
Ina nan, Mai Unguwa, ina karantawa ne. Baban Ilham ka taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi. Ni na hau shi, kuma ba sau ɗaya ba. Na farko a bazarar 2003 ne, lokacin ina aiki a wani ɗakin ajiyar kaya, ni da abokan aiki biyu muka je.

Tun daga inda ake ajiye motoci kake hango shi. Ban taɓa ganin itace da yawa haka a wuri guda ba, ginshiƙi kan ginshiƙi, an gicciye su kamar saƙar asabari, in ka tsaya a gindinsa sai hular kanka ta faɗi kafin ka ga ƙarshensa. Har ƙamshin katakon nake tunawa, da na man da ake shafa wa sarƙa. Hawan tudun nan ba ya ƙarewa, kana jin ƙarar sarƙa ƙas-ƙas-ƙas a ƙarƙashinka, mutane a ƙasa suna komawa kamar tururuwa, gonaki da dazuzzuka suna buɗewa ta ko'ina. A nan na karanta duk addu'ar da na sani. Da ya kai sama ba ya faɗawa nan take, sai ya ɗan kewaya tukuna, ya bar ka ka ga inda za ka. Sannan ya saki. Mita 65 a gangare ɗaya. Hawaye ne ke fita daga idonka ya bi ta kunne saboda iska.

Abin da mutane ba sa yarda in na faɗa shi ne, zoben nan da ake tsoro shi ne wurin da ya fi laushi a duk tafiyar. Shiru kake ji na ɗan lokaci, sama ta koma ƙasa, ka ga bishiyoyi a kife, sai kuma ka fito. Ni dai na so jirgin nan, kuma ranar da na ga hoton faɗuwarsa raina ya sosu ƙwarai.

Ɗan Auta:
Kawu, to me ya sa aka sa masa wannan sunan?

Kawu na Cincinnati:
Saboda yana da uba, ɗana. A wannan wurin dai akwai wani jirgin katako mai suna The Beast, wato Dodo, wanda aka buɗe tun 1979. Har gobe shi ne jirgin katako mafi tsawon dogo a duniya, kusan kilomita 2 da kwata, tafiyarsa ta fi minti huɗu, yana ratsa daji da ramuka. Ma'aikatan wurin ne da kansu suka zana shi suka gina. Da aka shekara ashirin, kamfanin Paramount da ke riƙe da wurin a lokacin ya ce zai yi masa ɗa wanda zai fi shi tsayi da gudu. A 1999 aka yi shelar. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, haka suka ɗauka. Yau ga uban can yana ɗaukar mutane, ya haura shekara arba'in, ɗan kuwa sai wutar da Ilham ta gani.

Malam Kafinta:
Salamu alaikum. Ni ban taɓa taka Amurka ba, amma shekarata talatin da ɗoriya ina cin abinci da katako, kuma tun daga tambayar farko hannuna ke ƙaiƙayi. Baban Ilham, kada ka ɗora wa itace laifi. Itace ba ya yaudara. Kafin ya karye sai ya yi magana, ya yi ƙara, ya tsage, ya lanƙwashe. Wanda bai saurara ba shi ne mai laifi. Ga hujja nan a bakin Kawu: uban na katako ne, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, sanyi ɗaya, ya yi shekara arba'in. In da katako ne matsalar da tare za su tafi.

Injiniya:
Malam, ina girmama sana'arku, amma a nan zan ɗan saɓa muku. Uban da ɗan ba kaya ɗaya aka ɗora musu ba. The Beast tsayin tudunsa mita 34 ne kawai, gudunsa kilomita 104 a awa, kuma dabararsa ita ce yana bin kwanciyar ƙasa, ya gangara kwari ya hau tudu, wurare da dama dogon yana kusa da ƙasa, ginshiƙansa gajeru ne. Shi kuwa ɗan, komai nasa a sama aka rataye shi.

Sannan ga lissafin da ba ya canzawa. Ƙarfin da abu mai gudu ke dukan kwana da shi ba daidai da gudun yake ƙaruwa ba, gudun ake ninkawa da kansa. Daga 104 zuwa 126 a ido ƙari kaɗan ne, amma a jikin katakon ƙarin ya kusa rabi. Bayan gangare na biyu jirgin yana shiga wani babban naɗi mai kama da gammo, ya zagaya sau biyu da gudu mai ƙarfi, duk nauyin yana tura ginin gefe. Itace na da ƙarfi in ka danna shi daga sama, amma turin gefe a mahaɗa yake ƙarewa, wato a jikin noti da ƙusa. Ni a ganina an kai katako inda ba muhallinsa ba ne. Shaida kuwa, shekara ashirin da wani abu ke nan babu wanda ya sake gina jirgin katako mai wannan tsayin. Manyan da ake da su yanzu, irin T Express na Koriya ta Kudu da Wildfire na Suwidin, a mita 56 suka tsaya.

Malam Kafinta:
To ai ka dawo kan maganata, Injiniya. Wa ya kai shi? Kansa ya kai?

Injiniya:
Haka ne Malam. Bambancinmu shi ne, ku kuna ganin da an sami ƙwararrun hannu da ya tsaya, ni kuma ina ganin ko su wa aka kawo da wuya ya tsaya.

Baban Ilham:
Bari in ƙara muku abin da na gano, don yana iya ƙarfafa Malam. Wanda ya zana shi ba ƙaramin mutum ba ne, Werner Stengel ne, injiniyan nan na Jamus da ya zana ɗaruruwan irin waɗannan jirage. Kwangilar ginin kuma wani kamfani aka ba mai suna Roller Coaster Corporation of America. Tun ana cikin aiki aka fara samun tangarɗa. A watan Janairun 2000 iska mai ƙarfi ta lalata wani sashe na ginin. Kafin a gama, Paramount ya sallami kamfanin ya ƙarasa aikin da kansa. Aka buɗe a ƙarshen Afrilu, nan da nan aka sake rufewa don gyaran wani yanki na dogon, sai ƙarshen Mayu ya fara aiki sosai. Daga baya suka dunguma kotu. Masu wurin suna cewa an yi musu aiki marar kyau da katako marar inganci, 'yan kwangila suna cewa ai ku kuka kore mu kafin mu gama. Shari'ar ta ɗauki shekaru.

Malam Kafinta:
Alhamdu lillahi. Kun ji ko? Aikin da hannu biyu suka yi, wanda ya fara daban wanda ya ƙarasa daban, kuma ga ranar buɗewa an riga an sa. Wannan ciwon na san shi.

Shekarun baya an ba ni rufin wani babban ɗakin taro, ba zan faɗi wurin ba. Wani ne ya fara aikin suka ɓata da mai ginin, aka kira ni in ƙarasa. Da na hau na ɗora hannu a kan tubaifo ɗin sai na ji sanyi, ɗanyen katako ne, ka buga ƙusa ruwa ya tsatso. Na ce a sauke a bari ya bushe. Mai ginin ya ce an riga an raba katin gayyata, saura kwana goma sha biyu. Na yi kuskure na biye masa. Da hunturu ya buga, katakon ya bushe a sama, ya tsuke, ramukan ƙusa suka yi faɗi. Iskar farkon damina ta zo, rufin ya fara numfashi, yana ɗagawa yana sauka. Sau huɗu ina komawa ina ƙara katako a gefe. Duk inda na ɗaure sai motsin ya koma gaba ya ɓalle wani wurin. A ƙarshe sai da aka yaye kwanon gaba ɗaya. Allah ya sa babu wanda ya ji ciwo, amma har yau in na wuce ta wurin sai na sunkuyar da kai.

Abin da na koya shi ne, mahaɗar da ta fara motsi kanta take ci. Faci ba ya tsayar da ita. Wannan fa rufi ne da ke zaune wuri guda. Ina ga wanda jirgi cike da mutane ke bi ta kansa tun safe har dare?

Injiniya:
Wannan bayanin naku Malam ya fi na littafi. Kuma ku ƙara da yanayin Ohio: dusar ƙanƙara da sanyi mai daskarar da ruwa, sannan zafi mai gumi. Katakon kullum cikin kumbura da tsukewa yake. Shi ya sa duk jirgin katako yana da kafintocinsa na dindindin, da asuba kafin a buɗe suke bin dogon da ƙafa suna duba noti da tsaga. Shi kansa dogon alluna ne ake jerawa hawa-hawa, a shimfiɗa siririn ƙarfe a inda taya ke bi.

Hajiya ta Maraɗi:
Ni fa tun ɗazu ina karantawa raina na ɓaci. Dala miliyan 20 don mutum ya tsorata kansa? Da kuɗinka ka sayi faɗuwar gaba? Kuma Baban Ilham har da ɗaukar yarinya ka kai ta. Ku gaya mini gaskiya, abin nan bai taɓa raunata kowa ba?

Baban Ilham:
Ya raunata, Hajiya, ba zan ɓoye muku ba. Ranar 9 ga Yulin 2006 wani ginshiƙin katako ya tsage a cikin naɗin nan da Injiniya ya ambata, dogon ya ɗan lotsa a wurin. Jirgin da ya biyo baya ya daki lotsawar da cikakken gudu, kamar mota ta faɗa rami a kan babbar hanya. Mutum 27 aka kai asibiti, yawancinsu ciwon wuya da ƙirji. Ba a rasa rai ba, kuma galibinsu a ranar aka sallame su. A Ohio ma'aikatar gona ta jiha ce ke duba irin waɗannan jirage, ita ta yi bincike, aka rufe shi har ƙarshen shekarar.

Hajiya ta Maraɗi:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mutum 27. Kowanne da uwarsa da ta sallame shi lafiya da safe. To bayan wannan me ya rage in ba rushewa ba?

Kawu na Cincinnati:
Hajiya, tsoronki tsoron uwa ne, kuma babu mai ja da shi. Amma ki bar ni in faɗi ɗaya ɓangaren. Wurin nan mutum sama da miliyan 3 ke shigarsa a shekara, dubban matasa ke samun aikin bazara a cikinsa, otal-otal da gidajen abinci na kewayen da shi suke rayuwa. Kasuwa ce. Shi kuma sha'awar tsoro ba Turawa kaɗai ke da ita ba. Mahayin da ke sukuwa ranar hawan Sallah, ya saki linzami sai gaban sarki ya ja, me yake nema? Yaran da ke tsalle daga kan gada zuwa cikin kogi fa? Abin da ya wajaba shi ne wanda ya karɓi kuɗinka ya tabbatar tsoron kawai ya sayar maka, ba rauni ba. A ranar nan an gaza, wannan babu musu.

Hajiya ta Maraɗi:
Mahayi dokinsa ya sani, Alhaji, shi ya yi kiwonsa, linzami na hannunsa. Wanda aka ɗaure a kujera aka saki daga sama ba shi da komai a hannu sai amanar mutanen da bai taɓa gani ba. Ni a nan abin yake ci mini rai.

Kawu na Cincinnati:
Wannan gaskiya ce. Ba ni da amsarta.

Ɗan Auta:
To zoben ne ya jawo haɗarin? Na ga kamar shi ne abin da bai dace da katako ba.

Injiniya:
Mutane da yawa haka suke zato, amma ba shi ba ne kai tsaye. Zoben ƙarfe ne ke riƙe da shi, dogon cikinsa ne kawai na katako, shi ya sa Kawu ya ji shi da laushi. Kuma ba da'ira ce cikakkiya ba, ya fi kama da ɗigon hawaye a kife, lanƙwasarsa a buɗe take a ƙasa, a tsuke a sama. Akwai tarihi a nan. A 1895 an gina wani jirgin katako a Coney Island ta New York mai suna Flip Flap Railway, zobensa da'ira ce sak, yana murɗe wa mutane wuya, bai daɗe ba aka daina. A 1976 shi wannan Stengel ɗin ya yi amfani da siffar ɗigon hawaye a wani jirgin ƙarfe mai suna Revolution a California, ita ake bi har yau.

Inda zoben ya shigo cikin matsalar shi ne ta wajen nauyi. Kafin jirgi ya haye zobe mai mita 36 a tsakiyar tafiya, bayan ya riga ya zubar da wani gudun a hanya, dole taragun su zama masu nauyi. Waɗannan taragun masu nauyi su ne ke dukan katakon a kowane zagaye. A shekarar haɗarin, kamfanin Cedar Fair ya sayi wuraren wasan Paramount gaba ɗaya a kan dala biliyan 1.24, ya gaji matsalar. Shawarar da aka yanke ita ce a kawo taragu marasa nauyi, ƙirar kamfanin Gerstlauer na Jamus, waɗanda aka ciro daga wani jirgi da aka rufe a Myrtle Beach. Marasa nauyi kuwa ba za su haye zoben ba. Sai aka cire shi. Aka sake buɗewa a Yulin 2007 babu zobe.

Kawu na Cincinnati:
Na je na gan shi bayan an cire. Inda zoben yake sai wani miƙaƙƙen dogo kawai. Na daɗe a tsaye ina kallon wurin. Kamar raƙumi ne aka yanke wa tozo.

Baban Ilham:
Kuma ko hakan bai kai shi ko'ina ba. A Yunin 2009 wata mata ta kai ƙorafin cewa jijiyar jini ta fashe mata a ƙwaƙwalwa bayan ta hau shi a ƙarshen Mayu. Masu binciken jiha suka duba ba su ga wata matsala a jikin jirgin ba. Duk da haka masu wurin ba su sake buɗe shi ba. Ya yi shekara uku a tsaye babu mai hawa, ciyawa na fitowa a gindinsa. Rahotanni sun ce in aka haɗa da kuɗin gyare-gyare abin da ya ci ya kusa dala miliyan 30. A Yulin 2012 aka sanar za a rushe, ranar 20 ga Nuwamba aka kayar da babban tudun. Har gutsattsarin katakon da notuna aka sayar wa masoyansa su ajiye.

Kawu na Cincinnati:
A nan ne nake da ƙorafi, kuma Injiniya nake so ya amsa mini. A 2011, shekara guda kafin rushewar, wani kamfani na jihar Idaho mai suna Rocky Mountain Construction ya ɗauki wani tsohon jirgin katako a Texas, ya cire dogon katakon ya ɗora na ƙarfe a kan ginshiƙan, ya koma sabo fil. A 2013 suka yi wa wani mai suna Rattler haka, wanda kuma kamfanin da ya fara gina Ɗan Dodo ne ya gina shi. Kai, a nan Ohio ma, a wurin wasanni na Cedar Point, masu wurin su ne dai masu Kings Island, an yi wa wani jirgin katako mai suna Mean Streak wannan aikin, ya dawo a 2018 da sunan Steel Vengeance, yau mutane daga ƙasashe suke zuwa hawansa. To me ya hana a yi wa namu? Da an yi haƙuri kaɗan da yana nan.

Injiniya:
Kawu, tambayar na da ƙarfi, kuma masoyan jirgin da yawa suna yin ta. Ga yadda nake kallon abin. Dogon ƙarfe yana maganin gargada, ba ya maganin ƙashin gini. Waɗancan da kuka lissafa babban ciwonsu a dogo yake. Wannan kuwa ginshiƙi ne ya tsage a ƙarƙashin mutane, kuma tun ranar farko ake ƙara masa katako. In za ka canza dogo, ka canza ginshiƙai, ka sake mahaɗai, me ya rage na tsohon in ba suna ba? Sunan kuma shi ne abin da ya fi lalacewa. Duk uwar da ke yankin, irin Hajiya, ta ji labarin mutum 27. Suka zaɓi su share filin su kashe dala miliyan 24 a kan Banshee, na ƙarfe zalla, ƙirar kamfanin Bolliger & Mabillard na Suwizalan, aka buɗe a Afrilun 2014. Yana kifa mutum sau bakwai, kuma ya haura shekara goma yana aiki.

Kawu na Cincinnati:
Na hau Banshee, yana da daɗi, sumul kamar jirgin sama. Amma ba ya ƙamshin itace, ba ya ƙara, ba ka jin ginin na amsawa a ƙarƙashinka. Ban gamsu ba Injiniya, sai dai na fahimce ka.

Malam Kafinta:
Ni kuma a wannan gaɓar ina bayan Injiniya, duk da mun saɓa a farko. Rufin da na ba ku labari, da tun komawata ta farko na ce a yaye, da an huta da asarar sau huɗu. Amma ban janye maganata ba. Ba a taɓa ba katakon nan damarsa ba. Da hannu ɗaya ya fara ya gama, da busasshen itace, babu mai tsaye a kansa da ranar biki, sannan ya gaza, da na yarda itace ne ya kasa.

Injiniya:
Wannan gwajin ba za a sake yin sa ba Malam, don babu mai zuba kuɗinsa. Kowa ya riƙe nasa.

Hajiya ta Maraɗi:
Ni dai Baban Ilham, tunda ba za ku daina zuwa ba, ka riƙa duba abin ɗaurin yarinyar nan da hannunka, kada ka bar wa ma'aikaci shi kaɗai. Kuma me ka ce mata da ta tambayi wa ya mutu?

Baban Ilham:
In sha Allahu Hajiya, ina dubawa, zan kuma ƙara. Na ce mata ba mutum ba ne, wani jirgi ne da aka gina ya fi ƙarfin katakonsa. Sai ta ce to babansa yana ina? Na nuna mata wajen dajin. Ta ce sai mun je ta gan shi, amma yamma ta yi, layin kuma ya yi tsawo, muka bari sai wani zuwan.

Kawu na Cincinnati:
To kada ku je da rana. The Beast da daddare ake hawansa, in an shiga dajin nan ko tafin hannunka ba ka gani, sai sanyin bishiyoyi da ƙarar taya a cikin rami. In an buɗe a watan Afrilu ka kira ni, ni zan tuƙa mu, daga gidana bai fi minti talatin ba.

Malam Kafinta:
In kun je, don Allah ku isa kafin rana ta faɗi. Baban Ilham ka matsa kusa da gindin ginshiƙan iyakar inda aka yarda a tsaya, ka ɗauko mini hoton mahaɗa guda biyu ko uku, yadda notin ya shiga da yadda aka gicciye katakon. Ina so in ga hannun mutanen da suka yi aikin 1979.

Baban Ilham:
An gama, Malam. Zan turo a nan kowa ya gani.